Taba ta bambanta da garin gero, amma niƙa ɗaya ce

Shekara 19 ke nan ina tsaye a bakin injin niƙa a Aboabo, nan Kumasi. Nikanika ake ce mana, har a bakin Tonawa, wato Asante, da ba su san kalmar daga gidanmu ta fito ba. A tsawon wannan lokaci rigimar kuɗi ba ta taɓa hana ni barci ba, don kuɗi ana ciniki a daidaita. Rigimar laushi ce ba ta da alƙali. Mai koko za ta sa yatsu biyu a bakin inji ta murza, in ta ji ɗan tsaki guda sai ta ce, "Malam, mayar." Mai dokunu da ke bayanta a layi kuwa, in na kuskura na matse farantin niƙa na ba ta irin wannan laushin, gobe ba zan gan ta ba, sai dai labari ya iso ni ta bakin maƙwabta cewa na kashe mata ƙullu. Mahaucin da ke kawo ƙuli-ƙuli da barkono don yajin tsire shi kuma yana so a bar masa abin da haƙori zai taka. Inji ɗaya ne, hannu ɗaya ke juya sukurun, amma kowa da inda yake so a tsaya masa, kuma kowa zai rantse maka nasa ne daidai.

Na fara da wannan ne don a san da wane ido na kalli tabar da ƙanena ya zo da ita daga Suwidin a Babbar Sallar da ta wuce.

Shekara 7 rabonsa da gida. Ya fara zama a Gotenbog, daga baya aikin gini ya ja shi can arewacin ƙasar, garin Umeå. Ya sauka da jakunkuna da turaruka da duk abin da ake tsammani a hannun boga, wato wanda ya dawo daga Turai. Mma ta yi kuka ta yi dariya, ta ce ya rame, alhali wuyansa ya ninka. Ni abin da na fara lura da shi, warin sigari ya bar jikinsa. Kafin ya tafi shi ne mai laɓewa a bayan shagona yana busawa, ƙarar inji na rufa masa asirin tari. Na yi hamdala a zuciyata ban ce komai ba. Kwana biyu da zuwansa, muna zaune a benci a ƙofar gida bayan la'asar, Kawu ya ƙura masa ido, ya ce, "Kai, mene ne a ƙarƙashin leɓenka?"

Kawunmu ya haura 70, kuma tun yana saurayi yake cin taba gari. Battarsa ta girmi wasu daga cikin 'ya'yansa. Irin wannan mutum ba a ɓoye masa taba. Ƙanena ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kawu, magani ne."

"To kawo maganin mu gani. Mu ma ba lafiya ce ta ishe mu ba."

Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanaye uku masu faɗi, kamar na man goge takalmi. Sunan abin snus. Ɗaya an rubuta Grov, ɗaya Röda Lacket, na uku General. Biyun farko taba ce a sake, jiƙaƙƙiya, baƙi-baƙi kamar ƙasar fadama bayan ruwan dare. Na ukun ƙananan ƙunshi ne a jere, kai ka ce jakar Lipton aka rage wa girma har ta koma kamar ƙwallon dabino.

Ni ba na cin taba, ba na sha, ba na shaƙa. Ko niƙanta ba na karɓa a injina, don in warinta ya kama faranti sai mai koko ta yi mako tana jin sa a kunu. Amma gari gari ne, in ya zo gabana hannuna ba ya haƙura. Na ɗebi Grov na murza. Ɓarzo ne. Kamar tsakin masarar da aka yayyafa wa ruwa, kowace ƙwaya tana zaman kanta, ka matsa ta haɗu, ka saki ta ɗan buɗe. Na goge hannu a wando na ɗebi Röda Lacket, na jan gwangwanin. Wannan kam an matse masa faranti, an mayar, an sake mayarwa. Yumɓu sak. Ka danna yatsa hotonsa ya zauna a kai. Na ce, "Wannan na mai dokunu ne, wannan kuma na mai koko."

Ƙanena ya kwashe da dariya. Ya ce, "Yaya, wallahi musun da suke yi ke nan a can. Grov ɗin ma ai ma'anarsa ke nan a harshensu, mai tsaki. Akwai wani kuma Göteborgs Prima Fint, shi fint ɗin laushi yake nufi."

Daga nan hirar ta bar hannun Kawu ta dawo nawa, don ni niƙan nake so in ji. Abin da ƙanena ya sani ya faɗa, sauran na bi na karanta a waya bayan an watse. Ganyen busar da shi ake yi a iska ko a rana, a niƙa shi a bushe, sannan a tankaɗe a raba shi gida uku: mai tsaki, matsakaici, da mai laushi, kowanne da rumbunsa. Daga rumbunan nan ne kowane irin snus ke ɗiban rabonsa bisa ma'auni. Ke nan Grov ma da laushi a cikinsa, tsakin ne dai ya rinjaya. In babu laushin ba zai kamu ba, kamar yadda ba a tuƙa tuwo da tsaki zalla. Wannan ya tsaya mini a rai, har da ɗan kishi. Mu nan hukuncin a bakin faranti yake. Ranar da na dawo da su daga wurin wasawa gari daban, bayan mako biyu sun dushe gari daban, in wuta ta yi rauni inji ya ja ƙafa nan ma daban, sai kunne da yatsa su cike giɓin. Su kuwa sun ɗauke hukuncin daga inji sun ba rariya da sikeli. Gwangwanin da mutum ya saya bana, shi zai tarar baɗi.

Bayan an haɗa garin sai a zuba ruwa da gishiri a turara shi da tururi na awoyi masu yawa. Ba a barin sa ya tsima kamar yadda Amurkawa ke yi wa tasu jiƙaƙƙiyar tabar. In ya huce a sa soda da ƙamshi, a ajiye shi a sanyi ya kwana biyu kafin a zuba a gwangwani. Kusan rabin nauyin abin da ke cikin gwangwanin nan ruwa ne, shi ya sa a firji ake sayar da shi a kantunansu, kuma tun 1971 dokar abinci ce ke kula da shi a ƙasar. Mu ma a firji muka sa, kusa da jarkar zoborodo, sai dai firjin Aboabo yana aiki ne in masu wuta sun ga dama. Matata ta buɗe ɗaya ta sunsuna ta rufe, ta ce in yara suka taɓa, ni da ƙanen nawa za mu haɗu da ita.

Inda laushi da tsaki ke rabuwa da gaske shi ne a tafin hannu. Tabar da ke a sake ba a ɗiba a watsa a baki yadda Kawu ke yi. Sai an cura ta tukuna. Ƙanena ya nuna mana: ya sa babban yatsa da manuni ya tattaro ta jikin gwangwani, ya danna, ya ɗago, ya ɗora a tafin hannu yana mulmulawa yana daddanna kai da gindi har ta zama ɗan dunƙule kamar ƙaramar fura, sannan ya ɗaga leɓen sama ya tura ta gefe guda. Dunƙulen sunansa prilla. Curawar kuma wai baka suke ce mata, kalmar da suke amfani da ita wa gashin burodi. Kawu ya ce, "Baka? Ai da ma can za ta."

Da Röda Lacket kafin ka ƙifta ido ya gama, ta fito sumul ba tsaga. Da Grov sai da ya natsu. Ya matsa ta tsage, ya sake haɗawa, ya juya, ya lallaɓa ta kamar mai ɗaura wa jariri zane. Ya ce watansa na farko da ita rabi a ƙasa take ƙarewa, rabi a tsakanin haƙora. In ka matse ta da ƙarfi ta zama dutse, ba ta ba ka komai. In ka yi mata sako-sako, kana cikin magana da mutum sai ta rushe.

To me zai sa mutum ya zaɓi wahala ga sauƙi a kusa? Amsar da ya ba ni, duk wanda ya taɓa jiƙa garin rogo ya san ta. Mai laushi kana zuba ruwa ya shanye ya kumbura, in ka tsaya neman gyaɗa ka dawo ka tarar da tuwo. Mai tsaki kuwa ruwa na bi ta tsakaninsa a hankali, har ka kai ƙarshen kofi yana ƙaras-ƙaras. Haka tabar. Mai laushi tana kwanciya lafiya a dasashi, ɗanɗanonta da ƙarfinta suna zuwa da wuri, amma da yawu ya ratsa ta sai ta koma taɓo, ta fara gangarowa ta bayan haƙora. Ya ce ba abin kunya kamar ka yi wa mutum murmushi baƙin ruwa na bin haƙoranka ba ka sani ba. Mai tsaki tana da iska a cikinta, yawu ba ya cinye ta lokaci guda, tana ba da abin da ke cikinta kaɗan-kaɗan, ta daɗe a wurin. Mai laushi da sauƙin shiga, da wuyar zama. Mai tsaki ka sha wuyarta a hannu, ka huta a baki.

Da a ce lissafi ne kawai, da kowa ya auna yawan maganar da yake yi a wurin aiki da yawan haƙurinsa ya zaɓa. Amma daga labarin abokan aikinsa na gane ba haka abin yake ba. Akwai wani dattijon kafinta ɗan arewa da ya koya masa curawa, wanda a wurinsa duk tabar da ba Grov ba ta yara ce da 'yan birni. Akwai wani kuma da ya zo daga kudu, shi a ganinsa Grov dusar katako ce aka jiƙa. Shekaru suna aiki tare, suna cin abinci a benci ɗaya, ba wanda ya taɓa karɓar gwangwanin ɗan'uwansa sai in nasa ya ƙare, shi ma yana karɓa yana mita.

Tarihin abin ya nuna daga ina wannan ya taso. A ƙarni na 19 masu yin tabar nan a warwatse suke a garuruwa, kowane gari da masu niƙansa. Ettan, wanda ya fi kowane suna daɗewa a kasuwa har yau, Jacob Fredrik Ljunglöf ne ya fara shi a Stokholm a 1822. Röda Lacket daga Norrköping ya fito a 1850. General kuma Johan Boman ne ya haɗa shi a Gotenbog a 1866, da ƙamshin wani irin lemo da ake kira bergamot. Mai tsaki ta yi gida a arewa, yankin da suke kira Norrland, ƙasar daji da masu saran itace. A 1915 gwamnati ta karɓe sana'ar taba gaba ɗaya ta mayar da ita hannunta, don ta samu kuɗin soja da na fanshon tsofaffi. Ƙananan masana'antu suka tafi, sunaye da yawa suka mutu, amma gwamnatin ma ba ta iya ba kowa niƙa ɗaya ba. Grov ɗin da ke hannuna ranar nan daga wannan shekarar yake lissafin haihuwarsa, Prima Fint kuma daga 1919. A shekarar 1919 ɗin ne cin tabar ya kai ƙololuwa a wancan zamanin, tan 7,000 a shekara, wato kilo 1.2 a kan kowane mutum in an raba har da mata da jarirai. Ƙasar da ta ci wannan, ba mamaki kowane yanki ya san niƙan da ya gada.

Ni kuwa wannan a gabana yake faruwa kullum. Akwai wata baiwar Allah da ke kawo mini gero tun ina sabon hannu. Ta tsufa, yanzu 'yarta ke zuwa. Ranar farko da yarinyar ta zo ban gaya mata komai ba, na tsaya inda nake tsaya wa sauran masu koko. Ta murza, ta yamutsa fuska, ta ce bai yi ba. Na ƙara rabin juyi, daidai inda uwarta ke so. Ta murza ta ce, "Yauwa." Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Tun tana goye take ganin ƙullun nan, ta taɓa shi sau dubu kafin ta san sunansa. In ka tambaye ta dalili za ta kawo maka dalilai masu kyau, cewa ya fi tacewa, ya fi auki. Maƙwabciyarta da ke son nata da ɗan jiki ita ma tana da dalilai masu kyau. Na daɗe da daina yarda cewa dalilan ne suka zo da farko. Yatsa ne ke sabawa, baki ya biyo baya da hujja. Ana cewa sabo turken wawa, amma ni da nake cin abinci da sabon mutane ba zan kira kowa wawa ba.

Mu koma kan Kawu, don shi ne ya ɗanɗana.

Ya ƙi a cura masa. Ya ce shekara 50 yana cin taba, yaron da aka yi wa suna a gabansa ba zai koya masa ba. Ya ɗebi Grov da yatsu uku ya zuba a leɓen ƙasa yadda ya saba. Minti biyu bakinsa ya cika, ya juya ya tsartar a kwata. Ƙanena ya ce, "Kawu, a sama ake sawa. Can yawu bai da yawa, shi ya sa ba a tofarwa." Kawu ya dube shi kamar ya ce an fara sallah ba alwala. "Taba ba tofi? To ina daɗin?" Amma ya kurkure baki ya miƙa hannu, aka cura masa ta jan gwangwanin, ya tura a sama. Ya yi shiru. Leɓensa ya turo kamar zuma ta harbe shi, yaran gida suna leƙe suna ƙunshe dariya. Can ya gyara zama, ya ce gishirinta ya yi yawa, amma ta iso. Ta farkon kuwa, in ji shi, tana da mutunci, sai dai ba ta da hanzari, mutum zai tsufa yana jiran ta.

Ban yi mamaki ba. Tabar Kawu daka ake yi har ta zama kamar kwalli, a tankaɗe da ƙyalle. Wadda Tonawa ke kira asra, ta shaƙa, ta ma fi haka laushi. Mutumin da dasashinsa ya saba da wannan, duk abin da ke da tsaki a wurinsa aikin da ba a gama ba ne.

Sai ya yi tambayar da ta fi duk nawa: "Ina kanwarta? Ina jin cizonta, amma ban gan ta ba."

Ashe sodar nan da suke sawa bayan turarawa ita ce kanwarsu, kuma ba a misali kawai ba. Sinadarin da ke cikinta yana cikin kanwar da muke jefawa a miyar kuɓewa da wake. Aikinta a taba shi ne ta kashe tsami, ta kwance nikotin daga ganye don ya ratsa fatar baki ya shiga jini da sauri. In babu ita sai ka ci ganye da yawa ka samu kaɗan. Mutanen Suwidin suna auna tasu a sikeli a masana'anta, kakanninmu sun auna tasu da ido a bakin turmi. Kanwar nan ma tana cikin abin da ya kawo mu ƙasar nan. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Barno zuwa Gwanja, jakunansu na ɗauke da ita tare da tufafi da fatu, su sauke a kasuwar Salaga su koma da goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 mutane suka watsu, da yawa suka gangaro kudu, zangon Kumasi ya ƙara cika. Da na gaya wa Kawu cewa Turawan ma kanwa suke sawa, ya gyaɗa kai kamar wanda aka biya bashi, ya ce, "To ai shi ke nan. Duk kanwar ja ce."

Gwangwani na uku ne ya dame ni, kuma shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Tabar ƙunshi ta fito a 1973. Yau ita mafi yawan masu cin snus a Suwidin ke saya, ta saken ta koma ta dattawa da masu taurin kai. Ƙanena da kansa, bayan duk wannan wa'azi a kan tsaki, da na matsa shi ya amsa cewa a wurin aiki ƙunshi yake sawa. Wa zai cire safar hannu a cikin ƙanƙara, hannu duk siminti, ya tsaya cura fura? Ya buɗe, ya ɗauka, ya tura, in ya gama ya cire ya jefa a ɗan aljihun da ke murfin. Ta saken sai da dare, in ya zauna. Kuma da taba ta shiga jaka, ba wanda ya ƙara tambayar niƙanta. Musun ya koma kan wasu abubuwa: jakar jiƙaƙƙiya ce ko farar nan mai bushewar baya, siririya ce ko mai faɗi, ƙarfinta nawa, na'ana'a ce ko lemo. Yanzu ma har an wuce nan, akwai irin su ZYN da Velo, farare fat, babu ganyen taba a ciki sam, nikotin ne da garin itace da ƙamshi. Saurayin da ya fara da waɗannan, ka ce masa grov ko fint, kamar ka tambayi ɗan unguwar Nima ta Accra farashin raƙumi ne.

Na san wannan hanyar, don ta biyo ta ƙofar shagona. Garin koko na leda, garin fufu na kwali, tom brown a roba, duk suna nan a kantunan Adum da Kejetia. Amaren yanzu da yawa ba su taɓa tsayawa a layin nikanika ba. Ba na zaginsu. Wadda za ta fita aiki da asuba ta kama trotro, motar haya, ina ta ga lokacin jiƙa gero da wanke shi da ɗauko bokiti? Kokon ledar ma ba laifi, na sha. Sai dai in ka ba ta gari a hannu ba ta san me za ta nema a cikinsa ba. Masu yi mini tsiya a kan rabin juyin sukuru suna raguwa, kuma ban taɓa zaton zan yi kewar tsiyarsu ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ce mai niƙa ya koma dillalin taba. Tarayyar Turai ta hana sayar da snus tun 1992, Suwidin ce kaɗai aka ɗaga wa ƙafa, don ta shiga tarayyar a 1995 da sharaɗin a bar mata kayanta. Gaskiya ne masu shan sigari sun yi ƙaranci ƙwarai a can, kuma gaskiya ne tarin ƙanena ya tafi, yana hawa bene ba ya haki. Amma na ga abin da na gani. Ranar idi, daga fitarmu gida zuwa dawowa, hannunsa ya kai aljihu ya fi sau goma, yana shafa gwangwanin kamar mai jin ko layarsa na nan. Ya ɗaga mini leɓe na ga inda dunƙulen ke zama, naman ya ja baya, wurin ya yi fari ya tattare. Ya ce azumi a arewacin ƙasar, lokacin da rana ke ƙin faɗuwa, yunwa da ƙishi ba su ne ke ba shi wuya ba. Na ce masa turken dai ya sauya, igiyar na nan. Bai musa ba. Bakin Kawu kuwa ba sai na ba da labarinsa ba, haƙoran da suka rage masa na ƙasa ana ƙirga su da hannu ɗaya. Mma har ya tafi ba ta ce komai ba a kan leɓen, ko da yake ranar da zai koma na ji tana gaya masa a ɗaki cewa Bature bai taɓa ƙirƙiro abin da ake sakawa a baki a ɓoye wa uwa ba, sai in abin ba na kirki ba ne.

Da zai tafi ya bar wa Kawu ragowar gwangwanayen uku. Röda Lacket bai kai Juma'a ba. Bayan kwana huɗu na biya ta gidan da hantsi na tarar an baza Grov a kan takardar jarida a rana, an danne gefuna da duwatsu saboda kaji. Da ta bushe ya sa jikansa ya daka ta a ƙaramin turmi da gutsuren jar kanwa, aka tankaɗe da tsohon ɗankwali, aka mayar da tsakin turmi, aka sake tankaɗewa, ya juye a batta. Fiye da shekara 100 mutane suna auna tsakin nan don kada ya yi laushi, Kawu ya gama da shi kafin azahar.

Ƙunshin General kuwa bai sa ko ɗaya a baki ba. Ya ce shi ba ya cin abin da bai gani ba. Ya aika aka sayo reza, ya tsaga guda a kan murfin, ya tura mini. "Kai ne mai niƙa. Wannan wace iri ce?"

Na murza. Ba ta kai jar laushi ba, ba ta kai ɗayar tsaki ba, kuma ba ta kama yatsa kamar su. Na ce, "Kawu, wannan ba a niƙa ta don a taɓa ba."

Ya karɓe murfin ya juye a kan jaridar, ya ci gaba da tsaga sauran ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in na yi waya da yaron in gaya masa, in zai aiko, jar kawai. Waccan ta ba jikansa wahalar daka.